Koyon sabon yare ga babba da yaro: matakan da na gani sun yi aiki a gidana a Aboabo

Lokacin da aka kawo min amarya daga Sakkwato an haɗo ta da ƙanwarta 'yar shekara 6 a matsayin 'yar zaman ɗaki, su biyun babu wadda ta iya ko gaisuwa da Tonanci, wato Twi da ake yi a nan Kumasi. A wata ukun farko amarya ce a gaba nesa ba kusa ba, ta haddace ƙirge, ta san sunan tumatir da albasa da gawayi, ita kuwa yarinyar ta kame bakinta gum, in 'ya'yan maƙwabta sun shigo wasa sai dai ta bi su da ido. To da shekara ta zagayo, wata rana da yamma ina dawowa daga shago naji ana ta cacar baki a bakin famfo kan layin ɗibar ruwa, Tonanci zalla kamar wadda aka haifa a unguwar Bantama, ina leƙawa sai naga yarinyar nan ce riƙe da ƙugu. Yayarta kuwa har lokacin in ta shiga kasuwar Kejetia da yatsa take ciniki.

Duk wanda na ba wa labarin nan amsarsa ɗaya ce, wai ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kan babba ya riga ya bushe. Nima haka na ɗauka shekara da shekaru, har sai da kasuwa ta tilasta min koyon Faransanci ina da shekara 38 saboda zuwa Lome sarin kaya, na gaji da biyan ɗan rakiya mai yi min tafinta alhali ban san abinda suke ƙullawa da mai kaya a gaban idona ba. Anan ne na gane maganar ɗanyen icce rabin gaskiya ce, kuma ragowar rabin shine ke hana manyanmu da yawa ko gwadawa.

Abinda yaro ya fi mu da shi, da wanda bai fi mu ba

Kunne dai ya fi mu, wannan babu musu. Jariri ɗan wata 6 yana iya bambance sautukan kowane yare na duniya, amma kafin ya cika shekara kunnen ya fara toshewa ga duk sautin da baya ji a gidansu. Shi ya sa abokanmu Tonawa da suka koyi Hausa da girma har gobe ƙafa da kafa duk ɗaya ne a wurinsu, mu kuma in ba a nan ka tashi ba zaka sha wuya kafin ka raba e da ɛ ko o da ɔ. A shekarar 2018 wasu masu bincike a Amurka sun fitar da sakamakon gwajin nahawun Turanci da mutum kusan 670,000 suka yi ta intanet, suka ga wanda ke son ya yi yare tamkar ɗan asali to ya fara kafin wajen shekara 10, amma ƙarfin koyon nahawu baya fara raguwa sosai sai wajen shekara 17 zuwa 18. Kuma raguwa fa aka ce, ba mutuwa ba.

Ɗaya ɓangaren kuma, tun a 1978 an bi wasu masu jin Turanci da suka koma ƙasar Holan ana gwada su lokaci-lokaci, aka ga a watannin farko samari da manya ne suka fi saurin kama yaren, 'yan shekara 3 zuwa 5 su ne a ƙarshen layi. Daidai abinda na gani a gidana kenan. Babba yana tashi da gudu, yaro yana rarrafe, sai daga baya yaron ya wuce shi.

To me ya sa yake wuce shin? Ni dai abu uku na gani. Lokaci, buƙata, da rashin kunya. Yarinyar nan a ƙalla awa 5 take yi kullum cikin yaran layi, in ka lissafa ya haura awa 1,800 a shekara, yayarta kuwa tana cikin gida tare da matan da duk Hausa suke ji, Tonancinta bai wuce na minti goma a kasuwa ba. Yarinya in bata yi magana ba ba za a sa ta a wasa ba, kuma in ta yi kuskure aka yi mata dariya ko a jikinta, gobe ma zata koma. Babba kuwa sau ɗaya za a yi masa dariya ya ɗinke bakinsa wata guda. Duk matakan da zan kawo a ƙasa dabara ce kawai ta yadda babba zai samo wa kansa waɗannan ukun.

Na babba tukuna

Mataki na farko, ka zaɓi yare ɗaya tak kuma ka san inda zaka yi amfani da shi. "Ina son in iya Turanci" ba manufa ba ce, buri ne. Manufa ita ce ina son in yi wa likita bayanin ciwona ba tare da na ja ɗana ya yi min fassara ba, ko ina son in cike fom a banki da kaina, ko irin tawa, in yi ciniki a Assigamé babbar kasuwar Lome kuma in amsa tambayar jami'i a boda ta Aflao. Wannan shi zai nuna maka kalmomin da zaka fara da su, ya hana ka ɓata wata biyu kana haddace sunayen dabbobin dawa. Sannan ka san nauyin kayan da zaka ɗauka. Makarantar da gwamnatin Amurka ke koya wa jami'an diflomasiyyarta harsuna ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci na buƙatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da Faransanci, Larabci kuwa wajen awa 2,200. Kai da kake zuwa lesin awa 2 a sati, awa 100 da 'yan kai kenan a shekara, sai kazo kana cewa kanka ya bushe. Ba kai ba ne ya bushe Malam, awannin ne ba su kai ba. Minti 30 kullum ya fi awa uku da rabi ranar Lahadi kaɗai, duk da lissafin ɗaya ne.

Na biyu, ka ba kunne abinci kafin ka matsa wa baki. Amma ba kowane ji ne ke amfani ba, in ka kunna rediyo baka gane komai ba to hayaniya ce kawai, ko shekara kayi kana ji ba abinda zai zauna. Abinda ke shiga shine maganar da ka gane mafi yawanta saura kaɗan. Dabarar da nayi ita ce, da safe in saurari labaran duniya da Hausa a BBC ko RFI, in san abinda ya faru, sannan da dare in nemi labaran RFI na sassauƙan Faransanci, minti 10 ne kacal kuma suna sa rubutunsa a shafinsu, tunda na riga na san labarin sai kalmomin su riƙa faɗowa da kansu. In ji sau ɗaya ba rubutu, in ji ina bin rubutu, in sake ji na uku ina maimaitawa a bayan mai karantawa kamar ɗalibi a gaban malam. Mai koyon Tonanci shi kam ya huta, garin gaba ɗaya makaranta ne, ga Nhyira FM ga Kessben, ga fina-finan da ake juyawa zuwa Tonanci a talabijin, ga sharhin ƙwallo ranar da Kotoko ke wasa, ga karen mota a trotro yana kiran sunayen unguwanni yana faɗa da fasinja kan canji. Cire abin kunnen nan naka in ka shiga mota, darasi ne kyauta ake yi.

A nan ne kuma zaka horar da kunne kan sautin da babu a Hausa. Mu Hausawa muna da wata riba da bamu sani ba, yarenmu na da karin sauti da tsawon wasali, mun san gari na zama daban garin tuwo daban, mun san baba mahaifi da baba na rini ba ɗaya ba ne. Tonanci ma haka yake, papa na iya zama uba, ko abu mai kyau, ko mafici, ya danganta da inda murya ta hau da inda ta sauka. Ka sa wani ya faɗa maka su a waya ka naɗa, ka riƙa ji kana gwada naka kana kwatantawa. Muryarka zata baka haushi a karon farko, kowa haka ne.

Na uku, kada ka haddace kalma tsirara, haddace jimla. Yaro baya koyon "ba" daban "ni" daban, bani yake koya dunƙule. Kuma jimlolin farko su zama waɗanda zasu buɗe maka ƙofar sauran. A Tonanci ga waɗanda uwargida, wato amaryar nan tawa, ta fara da su ranar da ta yanke shawarar ta gaji da ciniki da yatsa: mepa wo kyɛw wato don Allah, mente aseɛ ban gane ba, ka no bio sake faɗa, ka no brɛoo faɗi a hankali, yɛfrɛ wei sɛn yaya ake kiran wannan, wei yɛ sɛn nawa ne wannan, sai medaase na gode. Da waɗannan bakwai duk wanda ka haɗu da shi ya zama malaminka. Gaisuwa kuma kada ka tsaya kan maakye da maaha da maadwo, wato gaisuwar safe da rana da yamma, koyi amsar, domin a nan girmamawar take: dattijo yaa agya, dattijuwa yaa ɛna, tsaranka yaa nua. Bahaushe da ya san bambancin gaida sa'a da gaida suruki ba sai an yi masa dogon bayani ba, kuma wallahi ranar da ka amsa wa tsohuwa yaa ɛna daidai zaka ga yadda fuskarta zata canza.

Na huɗu shine bita, kuma a nan ba sai mun je aro ba, makarantar allo ta riga ta koya mana. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma bayan an wanke ana komawa tilawar baya, wanda ya bar tilawa hadda ta zube. Wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus tun 1885 ya auna a kansa ya nuna mantuwa ta fi gudu a awanni da kwanakin farko, sannan duk bitar da aka yi bayan tazara tana rage mata gudu. To ga yadda zaka yi. Sayi ƙaramin littafin da zai shiga aljihu, kowane shafi ka raba biyu, Hausa a hagu sabon yare a dama. Jimla 5 zuwa 8 a rana sun isa, kada zumuɗin satin farko ya sa ka rubuta hamsin. Abinda ka rubuta yau ka duba shi gobe, sai bayan kwana 3, sai bayan sati, sai bayan wata. Abu mafi muhimmanci, rufe ɓangaren dama da hannu ka tilasta wa kanka ka tuno kafin ka duba, wannan 'yar wahalar ta lalube ita ce ke dasa shi, karantawa kawai kana gyaɗa kai yaudarar kai ce. Mai wayar zamani zai iya sauke Anki, shi ke lissafa maka ranar bitar da kansa. Kuma ka kwantar da hankalinka game da yawan kalmomi, a Turanci alal misali kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su sun kai wajen kashi 80 cikin ɗari na abinda zaka gani a rubutu na yau da kullum, a hirar baka ma sun fi haka.

Na biyar shine mai wuyar, kuma a nan mafi yawanmu ke zubewa: buɗe baki a gaban mutum. Matsalarmu a Zango daɗi ne ya yi mana yawa. Mutum zai iya kwana ya tashi a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango, ya sayi koko da ƙosai, ya yi aski, ya tura kuɗi ta MoMo, ya yi sallah, ya yi faɗa ya yi sulhu, duk da Hausa, har Dagomba da Mosi da Zabarmawa ma da ita suke mana magana. To buƙata daga ina? Sai ka ƙirƙire ta da gangan. Uwargida abinda tayi shine ta zaɓi wata dattijuwa mai sayar da kayan miya a Kejetia wadda bata jin Hausa ko kaɗan, ta mai da ita kwastoma ta dindindin, kullum sai ta je da jimla ɗaya sabuwa da ta shirya tun daga gida. Ranar farko ma abin dariya ya faru, tana son ta ce te so, wato rage min, sai ta ce to so, wato ƙara, matar ta kwashe da dariya har da kiran maƙwabtanta su zo su ga mai ciniki da ke roƙon a ƙara mata kuɗi. Ta dawo gida kamar zata yi kuka tace ita ta bari. Nace mata to yanzu har ki mutu zaki sake mance bambancin te so da to so? Ta yi shiru. Jibi ta koma, matar ta cika mata gyaran barkono tana tsokanarta da to so, daga nan suka ƙulla.

Ka nemi irin wannan mutum guda ɗaya. Ka gaya masa gaskiya cewa koyo kake, kada ya juya maka zuwa Hausa ko Turanci in ka kakare, ya baka daƙiƙa biyar ka lalubo. Ka roƙe shi kada ya gyara maka komai da komai, abu ɗaya ko biyu a zama ya isa, in aka tare ka a kowace kalma zaka daina. Wanda kunya ta yi wa katutu ya fara da saƙon murya a WhatsApp, kana iya gogewa sau goma kafin ka tura, ni da shi na fara da wani mai kaya a Lome. Kana kuma iya yi wa kanka magana, kana jera kaya a shago kana faɗin abinda kake yi, duk inda ka tsaya cak to ka gano ramin da zaka cike gobe. Google Translate ya sa Twi tun 2022, yana taimako wajen kalma ɗaya ko biyu, amma kada ka ɗauki doguwar jimlarsa ka kai wa surukinka ba tare da wani ya duba ba.

Nahawu fa? Yana da amfani, kuma nan ne babba ya fi yaro, abinda yaro zai shekara yana lalube kai a minti goma za a yi maka bayaninsa. Amma a sha shi kamar magani, kaɗan-kaɗan kuma bayan ciwon ya bayyana. Ni sai da na yi wata biyu ina jin le da la na Faransanci kafin na zauna aka yi min bayani, kuma bai zo min baƙo ba tunda Hausa ma tana da namiji da mace, abinda ya ɗaure min kai shine ba sa tafiya tare, rana da muke ce wa ta fito a wurinsu namiji ce, wata da muke ce wa ya tsaya su kuma mace. Maganinsa kawai ka haddace kowane suna tare da le ko la ɗinsa. Uwargida kam dariya take min, wai mu 'yan Zango da muke cewa mace ya zo ina muka ga ta gyara jinsin Faransanci, mu fara gyara na gida. Wanda ke da hali ya shiga aji, akwai Alliance Française a nan Kumasi, aji na ba mutum tsari da abokan fama, sai dai kada ka ɗauka biyan kuɗin shine koyon.

Sai gargaɗi ɗaya. Wajen wata na huɗu zuwa na shida zaka ji kamar ka tsaya, ka iya ciniki ka iya gaisuwa amma in mutum biyu suna hira tsakaninsu sai ka ɓace. Kowa na zuwa wurin. Alamar cewa abincin ya yi maka kaɗan ne, ka ƙara nauyi: fara karatu, ko da littafin 'yan firamare na ɗanka ne, ka canza maudu'in hira daga farashi zuwa labarin iyali da siyasa da ƙwallo.

Na yara kuma, wannan da iyaye nake

Farko kuma mafi girma, kada ki daina yi wa ɗanki Hausa a gida. Da babban ɗana yana aji ɗaya wata malama ta kira ni tace Turancinsa baya tafiya saboda muna cika masa kai da yare a gida, mu koma Turanci zalla. Na kusa yarda. Da na yarda da me zai faru? Uwarsa da Turancinta bai taka kara ya karya ba zata koma yi masa "zo, tafi, ci, kwanta" da Turanci, a daina tatsuniya, a daina zaurance da karin magana da faɗa mai ma'ana, yaro ya rasa Hausa mai zurfi kuma bai samu Turanci mai kyau ba. Yaron da ya san yadda ake ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, ya san dalili da sakamako, ya san ƙirge a yarensa, wannan sanin baya sake koyonsa, sutura kawai yake canza masa in ya shiga Turanci. Ku kuma tuna harsunan gida 11 ne gwamnatin Ghana ta ɗauka ake koyarwa a makarantu, irin su Asante Twi da Fante da Ga da Ewe da Dagbani da Gonja, Hausa bata ciki. Tonanci titi zai koya masa, Turanci makaranta zata koya masa, Hausa in ba ku ba babu mai yi. Wani bincike da aka yi kan iyalai kusan 2,000 a Beljiyam ya nuna wajen yaro ɗaya cikin huɗu da ke tashi a gida mai yare biyu baya magana da yaren gidan, kuma an fi dacewa inda uwa da uba duka suke yinsa. A Zango bamu cika jin wannan ba, amma ku dubi 'yan'uwanmu da suka yi gini suka koma unguwannin bayan gari, jikoki nawa ne yanzu kaka ke musu magana suna amsawa da Turanci.

Na biyu, kowane yare a ba shi wurinsa da mutanensa. A gidana Hausa ce a ɗaki da wajen cin abinci, Tonanci a waje, Turanci lokacin aikin gida na makaranta. In yaro ya amsa miki da Turanci kada ki dake shi kada ki yi masa tsawa, in yare ya zama abin duka zai tsane shi. Maimaita abinda ya faɗa da Hausa ki ci gaba da hirarki, "au ruwa kake so, to ɗauko kofi". Kuma a haɗa shi da wanda dole sai da Hausa zasu fahimci juna, kaka ce sarauniyar wannan aiki, in tana nesa a kira ta a waya, in an yi hutu a kai shi ya kwana biyu.

Na uku, waya ba malama ba ce. A 2003 wata mai bincike a Amurka, Patricia Kuhl, ta sa aka riƙa yi wa jarirai 'yan wata 9 wasa da hira da Sinanci har zama 12, wasu da mutum a gabansu, wasu ta bidiyo, wasu ta sauti kawai. Waɗanda suka zauna da mutum sun kama sautukan Sinancin, na bidiyo da na sauti kuwa kamar ba a yi ba. Don haka miƙa wa ɗan shekara ɗaya waya da katun wai ya koyi Turanci, data kawai ake ƙonawa. Yaro babba ɗan shekara 6 ko 7 zai iya tsintar kalmomi a katun, musamman in kin zauna kina tambayarsa me ya faru, amma jariri fuska yake so.

Na huɗu, abubuwan da ke tayar wa iyaye hankali alhali ba komai ba ne. Yaro ya haɗa Hausa da Tonanci da Turanci a jimla ɗaya, ba rikicewa yayi ba, mu ma manya haka muke yi a shago, da ya ƙara girma zai san wa ake yi wa wanne. Yaro ya shiga sabuwar makaranta ya yi shiru sati da satittika, irin na ƙanwar uwargida, tara kaya yake. Yare biyu ko uku baya jawo jinkirin magana, in zaki ƙirga kalmominsa ki haɗa na duka yarukan. Amma in ya kai shekara 2 baya haɗa kalma biyu a kowane yare, ko ana kiransa daga baya baya juyowa, wannan ba laifin yare ba ne kuma ba a zauna jira, a kai shi asibiti a auna kunnensa, akwai sashen kunne a asibitin Komfo Anokye.

Na biyar, kada Turancin wasa ya ruɗe ku. Yaro kan iya hira da abokai cikin kamar shekara 2, amma Turancin littafi, wanda ake rubuta tambayar lissafi da kimiyya da shi, yana ɗaukar shekara 5 zuwa 7. Shi ya sa zaka ga yaro bakinsa kamar rediyo amma jarrabawar BECE ta zo ya kasa gane abinda tambaya ke nema. Maganin karatu ne, minti 15 kullum da dare, ya karanta da ƙarfi sannan ya ba ku labarin abinda ya karanta da Hausa, in ya iya juyawa to ya gane, kuma ko uwar da bata yi boko ba zata iya wannan. Haka Larabcin makaranta, yaranmu na karanta baƙi tiryan-tiryan ba su san ma'ana ba, alhali rabin hanya na cikin bakinsu: littafi, alƙalami, sabulu, lokaci, sunayen ranaku, ashirin har zuwa tis'in duk daga can suka zo. Nuna masa wannan kaɗai na sa ya daina ganin Larabci kamar dutse.

Yanzu shekara 11 kenan da zuwan uwargida. Ita ke raka sababbin amare asibiti tana musu tafinta, dattijuwar nan ta Kejetia kuma Afia take kiranta tunda ta ji ranar Juma'a aka haife ta, ita da ake ce wa Jummai a gidansu. Da ta buɗe baki dai an san ba 'yar nan ba ce, kuma har yau in ta ce papa sai ƙanwarta ta tambaye ta uba take nufi ko mafici. Ni kuma na sallami ɗan rakiya tuni, ina shiga Assigamé ni kaɗai, sai dai in farashi ya kai irin su 97, da a Faransanci sai ka ce huɗu sau ashirin da goma sha bakwai, bana tsayawa jayayya, kalkuleta nake miƙa wa mai kaya ya danna min.